Gyaran Gatarin Gaba na Motar Shiga Daji da Yadda Ake Ƙara Masa Ƙarfi

Gatarin gaba, wanda makanikai suka fi kira aksil, shi ne ya fi kowane sashe na ƙarƙashin mota shan wahala idan aka bar kwalta aka shiga yashi, laka ko duwatsu. Aiki uku yake yi a lokaci guda: yana ɗauke da nauyin inji, yana karkatar da tayoyi duk inda sitiyari ya nufa, kuma yana jan motar idan aka saka ta a jan taya huɗu. Gatarin baya ba ruwansa da karkata, shi ya sa yakan daɗe ba a buɗe shi ba, amma na gaba yana da mahaɗai, da boris-boris, da robobin tare mai, waɗanda kowannensu yake da ranar gajiyarsa.

Kafin a ɗauki sifana, ya kamata mutum ya san irin gatarin da ke ƙarƙashin motarsa. Akwai wanda kowace taya take hawa da sauka ita kaɗai, kamar na Prado da Hilux na zamani da Land Cruiser 200, akwai kuma sandararren gatari, wato ƙarfe guda da ya ratsa daga taya zuwa taya. Wannan na biyun shi ne a Land Cruiser 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, da Land Cruiser 80 ta shekarun 1990 zuwa 1997, da Nissan Patrol Y60 da Y61, da tsohuwar Land Rover Defender, da Suzuki Jimny, da Jeep Wrangler. A kansa wannan bayani zai tsaya. Ko a cikin sandararrun ma akwai gida biyu. Toyota da Nissan da Land Rover suna rufe mahaɗin da ke karkata a cikin wani ƙoƙon ƙarfe mai siffar ƙwallo, wanda za mu kira gwiwa, yayin da gatarin kamfanin Dana da ke ƙarƙashin Jeep yake barin mahaɗinsa mai siffar gicciye a fili. Zan ɗauki Land Cruiser 80 a matsayin misali, saboda wanda ya iya nata ya iya mafi yawan aikin sauran, sai dai alƙaluman ɗauri sun bambanta, kuma littafin gyara na kowace mota shi ne alƙali.

A fara da sauraro da dubawa

Alamar farko yawanci a bayan taya take. A leƙa a dubi ƙwallon gwiwa: idan akwai ɗan giris da ya shafu a jikinsa, wannan ba komai ba ne, haka aka yi shi. Idan kuwa aka ga wani baƙin abu mai ruwa-ruwa yana tsiyaya, yana bin ƙasan gwiwa har ya ɓata cikin taya, kuma yana warin man giya, to robar tare mai ta ciki ta mutu. Man difaranshal, wato akwatin giyoyin da ke jikin gatari yana raba juyi ga tayoyin biyu, ya tsallaka cikin gwiwa ya narkar da giris, giris ɗin kuma ya koma cikin difaranshal ya gurɓata man. Daga nan ɓarna take farawa ta ɓangarori biyu, domin mahaɗin yana aiki ba isasshen giris, manyan giyoyi kuma suna juyawa a cikin mai da ya ragu ya kuma yi kauri.

Sai a ɗaga motar da jak, a tokare ta da ƙafafun ƙarfe, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. Idan an ji tana wasa, wani ya taka birki a sake girgizawa. Wasan da ya ɓace bayan an taka birki na boris ɗin taya ne, wanda ya ci gaba kuwa na boris ɗin gwiwa ne, wato guda biyun nan na sama da na ƙasa da gwiwar take juyawa a kansu. Idan aka kama tayar ta hagu da dama aka ji wasa, a duba kawunan sandunan sitiyari. Ƙarar ƙas-ƙas-ƙas da ake ji idan an murɗe sitiyari gaba ɗaya ana tafiya a hankali, mahaɗin da ke cikin gwiwa, wanda ake kira Birfield, shi ne ya ci. Kukan da ke tashi ya sauka daidai da taka totur da sakinsa kuwa daga manyan giyoyin difaranshal yake fitowa, kuma wannan aiki ne na daban da za mu zo kansa.

A jikin difaranshal, a kwance kusar zuba mai tun kafin a kwance ta tsiyayewa, don kada a zubar da man sannan a tarar ta sama ta ƙi kwantuwa. Man da ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara ya sha ruwa. Ɗan laushin garin ƙarfe a jikin maganaɗisun kusar abu ne da aka saba gani, amma gutsattsarin da yatsa ke iya tsinta haƙorin giya ne ya ɓare.

Kwance gwiwa

A yi ɓangare ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan, saboda wanda ba a kwance ba ya zama abin dubawa idan kai ya ɗaure. Bayan an cire taya, a kwance kalifar birki a rataye ta da waya, kada a bar nauyinta a kan tiyon man birki. Farantin da ke bakin cibiyar taya yana riƙe ne da notuna shida, kuma a ƙarƙashin kowane noti akwai wata washa mai siffar mazurari da takan maƙale. Ba a dukan farantin da guduma kai tsaye. Ana sassauta notin har ya yi daidai da bakin kusar, a ɗora sandar tagulla a kai a buga, washar za ta yi tsalle ta fito. Daga nan a cire zoben da ke riƙe bakin sanda, wato ƙarfen da ke kai juyi daga difaranshal zuwa taya, a miƙe kunnuwan washar kulle, a kwance manyan notuna biyu da soket mai faɗin milimita 54. Abin takaici ne yadda ake yawan tarar da waɗannan notuna duk sun sha sara, alamar wani ya taɓa ɗaure su da kurfi da guduma. Notin da aka ɗaure haka ba wanda ya san iya matsin da ya yi wa boris, kuma gara a sauya shi.

Idan cibiyar taya da faifan birki suka fito, sai a kwance hancin gatari, wato bututun da boris ɗin taya ke hawa kansa, a zaro mahaɗin Birfield tare da sandarsa. A wasu tsofaffin samfura mahaɗin yana da gefe biyu da aka shafe, sai an juya su sun dubi sama da ƙasa kafin ya fito. Sandunan ba tsawonsu ɗaya ba, tunda difaranshal ba a tsakiya yake ba, don haka ɗaya gajera ce ɗaya doguwa.

Wurin da ake yawan yin kuskure shi ne wajen cire murafun boris na gwiwa. A ƙarƙashinsu akwai siraran farantai da ake kira shim, waɗanda kaurinsu ke ƙayyade matsin boris, a wasu samfura kuma su ne ke tsayar da gwiwa daidai tsakiyar gatari. A ɗaure na kowane wuri daban da waya, a rubuta inda aka ciro shi. Idan aka cakuɗa su, gwiwar za ta iya zama sama ko ƙasa da inda ya kamata, sandar ta riƙa danne gefe ɗaya na sabuwar robar, bayan ƴan watanni yoyon ya dawo kamar ba a yi aiki ba.

A wanke komai da kananzir ko man dizal har sai ƙarfe ya fito fes, domin ba a iya hukunci a kan abin da giris ya rufe. A zoben da boris ɗin gwiwa ke birgima a kai za a ga wasu layuka a jere, inda ƴaƴan boris suka dinga dukan wuri ɗaya, tunda gwiwa ba ta zagayawa, kai da komo kawai take yi. In an ga haka a sauya boris da zobensa tare. Shi kuwa mahaɗin Birfield, wanda ya samo asali daga ƙirar Alfred Rzeppa, injiniyan kamfanin Ford a shekarun 1920, ƙwallaye shida ne a cikin keji suna gudu a kwaroron ƙoƙo. A duba kejin ko ya tsage, a duba kwaroron ko ƙwallayen sun haƙa rami. Masu Land Cruiser 80 sukan musanya na hagu da na dama idan cin bai yi nisa ba, saboda ƙwallayen su koma aiki a fuskar da ba ta ci ba. Dabara ce mai ƙara kwana, amma ba ta gyara keji da ya tsage.

Robar da ta jawo duk wannan aiki

Tana can cikin bakin gatari, bayan ƙwallon, kuma ƙarama ce ƙwarai idan aka kwatanta da wahalar isa gare ta. A ɓanɓaro tsohuwar ba tare da an karce mazauninta ba. Kafin a saka sabuwa, a bi jikin sandar da farce daidai inda leɓen robar ke shafa. Idan farce ya maƙale a wani siririn kwari da tsohuwar robar ta ci a jikin ƙarfen, sabuwa ma ba za ta riƙe mai a wurin ba; sai dai a sa wa sandar siririyar riga ta ƙarfe da ake yi don haka, ko a sami robar da leɓenta ke sauka a wani wuri dabam, ko a sauya sandar. A bayan leɓen robar akwai wani siririn zoben sifirin da ke matse shi, wanda yakan fice idan ana bugawa. Cika bayan robar da giris yana riƙe shi. A buga ta da abin da ya yi daidai da faɗinta, ta shiga a miƙe, domin robar da ta karkace ko kaɗan ta riga ta lalace.

Wajen mayar da sanda, musamman doguwar, a tallafe ta da hannu biyu kada nauyinta ya kwanta a kan leɓen robar, kada kuma tsagogin bakinta su yanke shi. Na taɓa yin gaggawa a nan, na tura doguwar sanda da ƙarfi don na ji ta ƙi shiga difaranshal, kuma kafin mako biyu man ya sake ɓullowa. Da na sake kwancewa sai na tarar da zoben sifirin ya fita daga robar yana rataye a jikin sandar kamar awarwaro. Aikin yini guda ya koma na yini biyu.

Sannan a duba kafar numfashi da ke saman gatari, domin sau da yawa ita ce asalin matsalar. Gatari yana ɗumi idan ana tafiya, iskar cikinsa ta kumbura tana neman mafita. Idan laka ta toshe kafar, iskar za ta tura mai ta bakin roba. Idan kuma gatari mai zafi ya faɗa cikin ruwan sanyi, iskar ta tsuke nan take, sai ya zuƙo ruwa ta duk inda ya samu. Wanda ya sauya roba bai buɗe wannan kafa ba ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Haɗawa da awo

A mayar da gwiwa da sababbin boris da shim ɗinta, a ɗaure notunan hannun sitiyari da sifanar awon ɗauri. A Land Cruiser 80 Nm 96 ne, Nm kuwa ma'aunin ƙarfin ɗauri ne da ke jikin sifanar. Tun ba a saka robobi da tsumman share ƙura na bayan gwiwa ba, a maƙala sikelin hannu mai ƙugiya a ramin ƙarshen hannun sitiyari a ja a hankali, a karanta nauyin da gwiwar ta fara motsi a kansa. Littafin wannan mota yana neman kilogiram 2.5 zuwa 4.5. Idan bai kai ba a rage kaurin shim, idan ya wuce a ƙara. Gwiwar da ta yi sako-sako tana sa sitiyari rawa, wadda ta matse da yawa kuma tana cinye boris tana hana sitiyari komowa da kansa bayan kwana.

Giris iri biyu ake bukata, kuma bai kamata a haɗa su ba. Mahaɗin Birfield da cikin gwiwa suna son baƙin giris mai sinadarin molibdinam, wanda ke jure matsi mai tsanani. A cusa shi cikin mahaɗin sosai, a cika gwiwar kamar kashi uku cikin huɗu, a bar wa iska wuri. Boris ɗin taya kuwa nasa giris ne mai jure zafi, kuma ana cusa shi da tafin hannu har sai ya ɓullo ta ɗaya gefen. Wajen ɗaure shi, ana matse notin ciki zuwa Nm 59, a juya cibiyar sau da yawa boris ya zauna, a sassauta, sannan a sake ɗaurewa kaɗan, kusan Nm 5 kacal. Sai sabuwar washar kulle, sai notin waje a Nm 64, a lanƙwasa kunne ɗaya ciki ɗaya waje. A ƙarshe a cika difaranshal da man giya mai lambar GL-5, irin 80W-90, har ya fara dawowa ta ramin zubawa.

Batun ƙara ƙarfi

Ra'ayina a nan shi ne kada a sayi ko kusa ɗaya ta ƙarin ƙarfi sai gatarin ya koma lafiyarsa ta asali, domin yawancin abin da ake ɗora wa raunin ƙira rashin kulawa ne. Bayan haka, gyara mafi sauƙi kuma mafi amfani shi ne a cire kafar numfashi a sa dogon tiyo a madadinta, a kai shi can sama cikin ɗakin inji, a sa masa ƴar matata a baki, a bar masa isasshen tsawo yadda ba zai tsinke ba idan gatari ya sauka.

Abin da ke tilasta sauran gyare-gyaren shi ne girman taya. Idan aka tashi daga taya mai inci 31 zuwa mai inci 35, an ƙara kusan kashi 13 cikin ɗari a tsawon hannun da ƙasa ke murɗa sanda da shi, ban da ƙarin nauyi. Motar za ta yi nauyin tashi, kuloci ya riƙa shan wuya. Maganinsa sauya manyan giyoyin difaranshal, wato kambi da finiyon. Lissafin ba wuya: a ninka rabon giya na asali da sabon girman taya, a raba da tsohon. Mota mai 4.10, wato haƙora 41 a kambi da 10 a finiyon, za ta bukaci kimanin 4.63, don haka sai a zaɓi 4.56 ko 4.88. Dole na gaba da na baya su zama iri ɗaya, in ba haka ba gatura biyun za su riƙa ja-in-ja har wani abu ya karye. A kuma sani cewa 4.88 haƙora 8 ne kawai a finiyon, ƙarami ne, kuma ƙaramin finiyon bai kai babba juriya ba.

Zaunar da waɗannan giyoyi ba aikin koyo ba ne a kan motar da ake ji da ita. Ana auna ratar da ke tsakanin haƙora da agogon awo, a difaranshal na gaban Land Cruiser 80 milimita 0.13 zuwa 0.18, sannan a shafa wa haƙoran kambi launi a juya a ga inda finiyon ke taɓawa, wanda ya kamata ya sauka tsakiyar haƙori. Wanda ba shi da kayan awon ya cire difaranshal ɗin ya kai wa mai su.

Sanduna da mahaɗai na ƙarfen 4340, wanda aka gauraya da kuromiyam da molibdinam da nikel, sun fi na asali jure murɗa nesa ba kusa ba. Sai dai akwai abin da masu sayar da su ba su cika faɗa ba. Ƙarfin da ke karya abu ba ya ɓacewa don an ƙarfafa wuri ɗaya, gaba yake yi ya nemi mai rauni na biye. Birfield da ya fashe ana iya zare shi a daji a rufe gwiwa a dawo gida da jan tayoyin baya kawai, amma kambin da ya zubar da haƙora yana iya ƙulle gatarin ɗungurungum. Saboda haka kafin a sa sanda mai ƙarfi a dubi girman kambin da ke bayanta. Dana 30 kambinsa ya ɗan haura inci 7 kuma bakin sandarsa tsaga 27 ne, Dana 44 inci 8.5 ne da tsaga 30, Dana 60 kuwa inci 9.75. Wanda yake son taya mai inci 37 a kan Dana 30, gara ya tara abin da zai kashe ya sauya gatarin baki ɗaya.

Makullin difaranshal yana sa tayoyin biyu su juya tare ko da ɗaya tana lilo a sama. A gaba, wanda direba ke kunnawa ya kashe da kansa shi ya fi dacewa, ko na iska irin na kamfanin ARB na Ostireliya, ko na lantarki irin na Eaton, saboda makulli mai kama kansa yana taurara sitiyari a inda ba a so. Mahaɗin Birfield ya fi rauni idan an murɗe sitiyari gaba ɗaya, don haka haɗuwar makulli a kunne, da sitiyari a murɗe, da totur a ƙasa, musamman da baya-baya, ita ce hanyar da aka fi fasa shi. Haka nan idan taya tana juyawa a iska da gudu ta faɗo ta cafki dutse.

Idan an ɗaga mota da dogayen sifirin, hannuwan da ke riƙe gatari suna juya shi, kusurwar kasta ta ragu, wato ɗan jinginin da gwiwa take yi baya wanda ke sa mota ta miƙe da kanta. Alamarsa mota ta riƙa yawo a hanya. Ana gyara shi da bushin ko farantai na musamman, a kuma sa sandar Panhard mai daidaituwa, wato sandar da ke hana gatari zamewa hagu ko dama, don gatarin ya dawo tsakiya. Mummunar rawar sitiyarin nan da ke kama mota bayan ta daki rami yawanci daga bushin ɗin wannan sanda take, ko boris ɗin gwiwa, ko tayar da ba a daidaita ba. Sabon shokazoban sitiyari ɓoye ta kawai yake yi. Masu ƙarfafa jikin gatari da walda kuma su yi ta kaɗan-kaɗan, suna sauya gefe suna bari ya huce, domin zafin walda yana lanƙwasa bututun, kuma gatari mai lanƙwasa ba robar da za ta zauna a cikinsa.

Bayan an sauke mota, a taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin a motsa. A yi tafiyar kilomita kaɗan a tsaya a taɓa cibiyar kowace taya: ɗumi ba laifi, amma zafin da hannu ba zai iya jurewa ba yana nufin boris ya matse. Idan an sa sababbin kambi da finiyon, tafiye-tafiyen farko su zama gajeru, ana bari difaranshal ya huce tsakaninsu, ba ja ba kaya mai nauyi, sannan a zubar da man bayan kimanin kilomita 800. Bayan fitar farko zuwa daji a sake bin notunan hannun sitiyari guda huɗu da ke ƙasan gwiwa da sifanar awo, domin su ne sukan saki a ɓoye, kuma idan kusoshinsu suka karye, tayar ba ta ƙara jin sitiyari.